Mahaucin da Ya Zama Sarkin Musulmin Ankara

A Nima na tashi, kuma tun ina yaro nake jin dattawa suna ambaton Buraima in hirar sarautar zango ta taso. Wasu su yaba, wasu su tsuke baki. Sai da na girma na gane dalili.

Buraima Bayarabe ne ɗan Ilori, ya sauka Accra, wadda iyayenmu ke kira Ankara, a ƙarshen ƙarni na 19. Lokacin ya dace da shi. Turawan Ingila sun ci Asante da yaƙi a 1874, hanyar goro ta Salaga ta raunana, fatake suka karkata zuwa bakin teku. A 1877 aka mayar da hedikwatar mulki Ankara, baki ya yawaita, nama ya yi kasuwa. Buraima ya kama fawa, har Turawa suka laƙaba masa sunan sana'ar, sannan ya riƙa loda goro a jirgin ruwa zuwa Ikko.

A zango, mai gida shi ne mai iko. Wanda ya saukar da baƙo, ya ciyar da shi, ya tsaya masa wajen ciniki da bashi, gobe shi zai raba masa gardama. Ta wannan ƙofa Buraima ya shiga shugabanci, har a 1909 gwamnatin Turawa ta amince da shi a matsayin shugaban Musulmin garin.

Sai dai ya tarar da masu wuri. Malam Naino, Bakatsine, shi ya kafa Zangon Malam, kuma Hausawa suna ganin limanci da jagoranci gadonsu ne. Rigima ta yi tsanani a kan masallaci da liman. Ɗan Naino, Malam Baƙo, ya kwashi jama'arsa ya kafa Sabon Zango. Daga bisani kowace ƙabila ta samu nata sarki. Buraima ya rasu a 1915.

Ni Bahaushe ne, amma ba na ganin laifinsa kamar yadda kakannina suka gani. Dukiyarsa ta kai shi kunnen gwamna, ba ta kai shi gaban sahu ba. Yau a Nima da Mamobi, in aka yi taro na ga sarakunan ƙabilu jere, kowa da lemarsa, nakan tuna cewa tushen wannan jeri yana cikin waccan rigima.