Kaset da Waƙoƙin da Kasuwa Ta Ƙi

A wannan ɗan rubutu muna so mu waiwayi wani nau'in kiɗan Turawa da ake kira power pop, mu ga rawar da kaset ya taka wajen raya shi. Pete Townshend na ƙungiyar The Who a Ingila shi ya fara ambaton sunan a 1967. Waƙoƙi ne gajeru, masu haɗa zaƙin muryoyi da amon jitar lantarki, jigonsu kuwa yawanci bege ne irin na samartaka.

In ana zancen wannan kiɗa ba a tsallake ƙungiyar Big Star, wadda aka kafa a birnin Memphis na Amurka a 1971. A 1972 Alex Chilton da Chris Bell da abokansu suka fitar da faifansu na farko, #1 Record. Masu sharhi suka yi ta yabo, amma mai saye in ya je kanti sai ya tarar babu. Kamfanin Stax da aka ɗora wa rarraba shi bai iya ba, ko kwafi 10,000 ba a sayar ba. Bell ya bar ƙungiyar cikin ɓacin rai. Faifai na biyu, Radio City, ya fito a 1974 daidai lokacin da Stax ke rigima da kamfanin Columbia, shi ma ya maƙale. A 1975 Stax ya durƙushe. A Disambar 1978 Bell ya rasu a haɗarin mota yana ɗan shekara 27, bai ga ranar da duniya ta san darajar aikinsa ba.

To, ta ina waƙoƙin suka tsira? A ganinmu babban rabon na kaset ne. Kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ƙarƙashin jagorancin injiniya Lou Ottens. Da ya wadata, sai wanda ya yi sa'ar mallakar faifan ya naɗa wa abokinsa, abokin ya naɗa wa wani. Mu da muka tashi muna jin Shata a kaset ɗin da aka kwafa daga kwafe, ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani. A 1981 kamfanonin faifai na Ingila suka shiga yekuwar cewa naɗa a gida yana kashe waƙa. Suna da hujjarsu, domin mawaƙi bai samun ko anini daga kwafe. Sai dai abin da ba ya kanti, wa aka hana ciniki? Cikin matasan da suka ji Big Star a shekarun nan aka sami 'yan R.E.M. da The Replacements, har na biyun suka yi wa Chilton waƙa sukutum da sunansa a 1987.

Bayan adana tsohuwar waƙa, kaset ya kuma haifi sabuwa. A 1979 kamfanin TEAC ya fitar da Portastudio, rikodar da ke ɗaukar layi huɗu na sauti a kaset guda, wato mutum ya ɗauki ganga, ya dawo ya ɗora jita, sannan murya, duk a ɗakinsa. Da irin wannan na'ura Robert Pollard, malamin firamare a Dayton ta jihar Ohio, da ƙungiyarsa Guided by Voices suka ɗauki yawancin Bee Thousand na 1994. Ana jin shuuu ɗin zare a ciki, ana jin kurakurai, ba su goge ba.

Wannan shuuu ɗin na cikin abin da masu neman tsofaffin rikodoji ke so. Zaren yana tafiya santimita 4.76 a daƙiƙa, tsallake waƙa kuwa wahala ce, don haka akan haƙura a saurari gefe guda har ƙarshe kafin a juya. Robar da ke juya injin takan saki in ta tsufa, sai muryar Chilton ta riƙa rawa. In kuwa rikoda ta ci zare, a zaro shi a hankali, a sa biro a rami a naɗe.