Alheri, Bangaskiya da Ayyuka: Tarihin Kalmomi Uku a Bakin Kiristocin Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Akwai wata tsohuwar tambaya da ta daɗe tana raba kan malaman addinin Kirista, wato da me mutum yake tsira a gaban Allah? Shin da alherin Allah ne, ko da bangaskiyar mutumin, ko kuwa da kyawawan ayyukansa? Wannan takarda za ta bi tarihin yadda tambayar ta shigo ƙasar Hausa. Za a dubi kalmomin da masu fassara suka zaɓa, sannan a dubi aikin da 'yan mishan suka yi a Zariya da Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi. Abin da ake son nunawa shi ne, kalmar da aka ɗauka don bayyana kyautar Allah wadda ba a biya, wato "alheri", ita ce kuma kalmar da Bahaushe yake kiran aikin kirki da ita tun fil'azal. Wannan haɗuwa ta yi tasiri a kan yadda Kiristoci masu jin Hausa suka fahimci addininsu.

2.0 Tushen Muhawarar

Muhawarar tana da tushe a cikin Sabon Alkawari. A wasiƙar Bulus zuwa ga Afisawa, sura ta 2, an bayyana ceto a matsayin kyauta daga Allah wadda ake karɓa ta hanyar bangaskiya, don kada wani ya yi fariya da aikinsa. Ita kuwa wasiƙar Yaƙub, a tata sura ta 2, ta kwatanta bangaskiyar da ba ta haifar da aiki da gawa. Malamai sun shafe ƙarnuka suna neman yadda za su daidaita waɗannan wurare biyu.

A Arewacin Afirka aka fara zazzafar jayayya a kan batun. Agustin (354-430), bishof na Hippo, garin da yanzu ake kira Annaba a Aljeriya, ya koyar da cewa zunubi ya raunana ɗan'adam har ba zai iya juyowa ga Allah da ƙarfin kansa ba, sai Allah ya fara taɓa shi. Wani malami mai suna Felajiyus ya ga wannan koyarwa za ta sa mutane su yi sake, don haka ya nace cewa mutum yana da ikon bin umarnin Allah in ya so. Taron bishof-bishof da aka yi a Kartaj a 418 ya yi watsi da ra'ayin Felajiyus.

Bayan shekara dubu da ɗoriya sai maganar ta sake tasowa a Jamus. A 1517 Martin Luther ya soki yadda ake sayar wa jama'a takardun sassaucin horon zunubi. Da ya fassara Sabon Alkawari zuwa Jamusanci a 1522, ya ƙara kalmar da ke nufin "kaɗai" kafin "bangaskiya" a Romawa 3:28, alhali babu ita a matanin Girkanci. Hujjarsa ita ce ma'anar wurin da ɗabi'ar harshensa sun buƙaci haka. Ɗalibin fassara zai lura cewa kalma guda ce ta zama tutar wani ɓangare. Cocin Katolika ya mayar da martani a taron Tarent a 1547, inda ya yarda cewa alherin Allah ne mafari, amma ya ce wajibi ne mutum ya ba da haɗin kai, kuma ayyukan da ya yi da taimakon wannan alheri suna da sakamako. Cocin Ingila, a cikin ƙa'idojinsa 39 na 1571, ya tsaya a kan cewa bangaskiya kaɗai ke sa Allah ya karɓi mutum, ayyuka kuma 'ya'yan itace ne da ake gane bishiya da su. Wannan ra'ayi na ƙarshe shi ne wanda ya fara isowa Zariya.

3.0 Zuwan Saƙon Ƙasar Hausa

Fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa ta riga 'yan mishan isowa ƙasar. J. F. Schön, wani Bajamushe ma'aikacin ƙungiyar CMS ta cocin Ingila, ya buga jerin kalmomin Hausa a 1843. Daga baya ya yi aiki da Dorugu, wani yaro Bahaushe da matafiyi Heinrich Barth ya kai Turai, aka buga Linjilar Matiyu a 1857. Schön bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba, saboda haka Hausar tasa daga bakin mutanen da ke baƙunta ya same ta.

A 1900 ayarin Bishof Tugwell ya isa Kano, amma Sarki Alu ya sallame su, suka koma Girku a ƙasar Zazzau. A cikinsu akwai Walter Miller, wanda Zazzagawa suka sani da Likita Mila. Ya fara koyon Hausa a Tarabulus ta Libiya, kuma daga 1905 ya zauna a birnin Zariya yana ba da magani, yana koyar da yara. A 1913 wasu daga cikin Isawa suka zo wurinsa. Su Isawa almajiran wani Malam Ibrahim ne da aka kashe a Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, saboda matsayin da ya ba Annabi Isa a cikin koyarwarsa. An kafa musu mazauni a Gimi, amma ciwon barci ya yi musu ɓarna cikin 'yan shekaru. Zuwa 1929 mishan ɗin ya tare a Wusasa, bayan ganuwar Zariya.

Muhimmin abu a nan shi ne, Kiristocin farko na Zariya ba baƙi ba ne ga maganar Allah da lahira. Da yawansu sun tashi da allo a hannu. Sun san lada da zunubi da tuba da mizani, kuma da irin wannan kunne suka saurari sabon wa'azin.

4.0 Zaɓen Kalmomi

An buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, kuma Likita Mila ne ya ɗauki mafi yawan nauyin aikin. An sake fitar da sabuwar fassara a wajen 1980. Duka biyun sun riƙe kalmomi uku da suka shafi wannan batu.

Ta farko ita ce "bangaskiya". Kalma ce harɗaɗɗiya daga "ban", wato bayarwa, da "gaskiya", kamar yadda ake samu a "bankwana" da "bantsoro". Wanda ya ba da gaskiya ga wani ya amince da shi ke nan. Masu fassara sun fifita ta a kan "imani", wadda ta riga ta zama kalmar ilimin tauhidi a wurin Musulmi, mai rukunai shida sanannu.

Ta biyu ita ce "ceto". A maganar yau da kullum ana ceton wanda ruwa ya ci ko wanda gobara ta rutsa da shi. A bakin malaman Musulunci kuwa, ceto shi ne roƙon da Annabi Muhammadu (SAW) zai yi wa al'ummarsa ranar alƙiyama. A wa'azin Kirista sai kalmar ta koma nufin kuɓutar da mutum daga zunubi ta hanyar mutuwa da tashin Yesu Almasihu, abin da suke ɗauka ya riga ya faru. Ke nan mutum biyu za su iya furta kalmar a kasuwa ɗaya, kowa da abin da yake nufi.

Ta uku, wadda ta fi ɗaukar hankali, ita ce "alheri", da aka sa a madadin kalmar Girkanci "haris". Akwai wasu kalmomin da za a iya ɗauka. "Rahama" tana nuna tausayi, "ni'ima" ta fi karkata ga wadata da jin daɗi, "falala" kuwa tana ɗauke da ma'anar fifiko. "Alheri" ta samo asali daga Larabci "al-khair", amma ta daɗe da zama 'yar gida. Bahaushe yana yin alheri, yana saka alheri, yana fatan alheri. In maroƙi ya ce an yi masa alheri, kyauta yake nufi. Ta wannan fuska kalmar ta dace, domin kyauta ce da mai shi ya yi don ganin damarsa.

Sai dai kalmar ta zo da nata kaya. Karin magana na cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Wani kuma na cewa alheri gadon barci ne. Duka biyun suna koyar da cewa wanda ya yi alheri zai tarar da shi a gaba. A tunanin Bahaushe kuma, wanda aka yi wa alheri ya ɗauki nauyi, in bai nuna godiya ba a kira shi butulu. Saboda haka mai wa'azin da ya ce alherin Allah ba a saye, ba a kuma biya, yana amfani ne da kalmar da masu sauraronsa suka saba jin ta tare da sakayya.

5.0 Wa'azin Bangaskiya, Ƙofar Ayyuka

Bayan cin Sakkwato a 1903, Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addininsu ba. Wannan ya sa aka taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautu na tsawon shekaru. Ƙungiyar SIM, wadda Rowland Bingham da abokansa biyu suka fara a 1893, tana cikin masu tsananin riƙo da koyarwar ceto ta bangaskiya kaɗai. Shugabanninta suna ɗari-ɗari da duk abin da zai mayar da mishan gidan jinya ko makaranta har a manta da wa'azi. Amma ƙofar da aka buɗe musu ita ce ta jinya.

A 1937 aka danƙa wa SIM kula da mazaunan masu cutar kuturta na lardunan Kano da Katsina da Sakkwato, wato Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa. A Jamhuriyar Nijar ta yau, ƙungiyar ta zauna a Damagaram a 1924, ta kafa tasha a Tsibiri kusa da Maraɗi, ta buɗe asibitin Galmi a 1950, sannan ta yi wurin jinyar kuturta a Danja. Haka CMS ta yi asibiti da makaranta a Wusasa. Daga al'ummar Wusasa aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likitan zamani na farko daga Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da John Tafida, wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East.

A nan tambayar tauhidi ta zama tambayar rayuwa. Majinyacin da danginsa suka ƙyamace shi, aka wanke masa gyambo, aka ba shi gona da magani, al'ada ta koya masa cewa yana da bashin godiya. Shin da me zai biya? Sarakuna da malamai sun yi fargabar cewa da addininsa zai biya, musamman in yaro ne. A ɗaya ɓangaren, koyarwar 'yan mishan ɗin kanta ta hana su mayar da magani farashin tuba, domin in alheri yana da farashi ya tashi daga alheri. Mafi yawan waɗanda aka yi jinyarsu sun koma gida da Musuluncinsu. Kaɗan sun karɓi Kiristanci, wasu daga cikinsu suka zama ma'aikatan jinya da masu bishara a ƙauyuka.

Ya kamata a lura cewa yadda wasu 'yan mishan suka siffanta Musulunci da addinin tara lada kawai bai cika ba. Akwai hadisi a Buhari da Muslim da ke koyar da cewa aikin mutum shi kaɗai ba ya shigar da shi Aljanna sai da rahamar Allah. Bambancin ɓangarorin biyu ya fi ƙarfi ne a kan hanyar da rahamar take isowa, da kuma matsayin Isa Almasihu.

6.0 Yadda Masu Bi Suka Daidaita Batun

Da ikilisiyoyi suka koma hannun 'yan ƙasa, kamar ECWA a 1954 da tarayyar da ake kira TEKAN a 1955, Hausa ta zama harshen sujada ga ƙabilu masu yawa a Filato da kudancin Kaduna da Bauci da Adamawa. A bakin waɗannan masu bi, fuskoki biyu na "alheri" suka zama hanyar sulhu. Fasto zai ce Allah ne ya fara yin alheri ba don mutum ya cancanta ba. Wanda ya ba da gaskiya ya karɓa. Daga nan sai ya yi wa maƙwabcinsa alheri, don kada ya zama butulu. Aikin kirki ya koma godiya, kuma godiya abu ne da Bahaushe ya san nauyinsa. Ana ganin haka a ayyukan Zumuntar Mata, masu ziyarar marasa lafiya da tallafa wa gwauraye, da kuma sunayen da ake raɗa wa 'ya'ya mata irin su Alheri da Godiya.

Wannan bai kashe muhawarar ba. Tun daga shekarun 1980 wa'azin wadata ya bazu a wasu majami'u, inda ake kwatanta baiko da iri wanda mai shuka zai girbe riɓi-riɓi. Masu suka daga tsofaffin ikilisiyoyi suna ganin an mayar da alheri ciniki, irin abin da Luther ya yaƙa. A matakin duniya kuwa, wakilan Katolika da na Lutheran sun sa hannu a wata sanarwa a Augsburg ranar 31 ga Oktoba 1999, suka amince cewa alherin Allah ne ke ceto, kuma shi ne ke ba mutum ikon aikata nagarta.

7.0 Kammalawa

An ga yadda muhawarar da ta faro daga wasiƙun Bulus da Yaƙub ta bi ta Hippo da Jamus da Ingila kafin ta iso Zariya. An kuma ga cewa masu fassara sun gina saƙonsu da kalmomin da Musulunci da al'adar Hausawa suka riga suka ɗora wa ma'ana. Ga mai nazarin harshe, darasin shi ne ma'anar kalma a ƙamus ba ta isa ba, sai an bi karin maganar da take fitowa a ciki da mutanen da ke furta ta. Zai yi kyau ɗalibai su tattara jimloli goma masu ɗauke da "alheri" daga bakin Musulmi da Kirista, su tantance inda take nufin kyauta, da inda take nufin aiki, da inda take nufin duka biyun.