Asalin Kalma: Sifirin

Sifirin shi ne ƙarfen da ke tsakanin gangar mota da ƙarfen da ya haɗa tayoyinta. Yana lanƙwashewa idan an faɗa rami, ya miƙe idan an fito. Kalmar aro ce daga Ingilishi, "spring". Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe a cunkushe, shi ya sa aka raba su da wasali, kamar yadda aka yi wa sitiyari da sikeli. Harafin p ya koma f, irin na fensir da Fijo, g ɗin ƙarshe kuma ya faɗi.

Ba ko'ina ake cewa sifirin ba. A Mayo-Oulo, cikin sashen Mayo-Louti na arewacin Kamaru, dab da iyakar Najeriya, Fillanci ne harshen kasuwa, sunayen kayan mota kuwa na Faransanci ne. Wanda ya koyi kanikanci a Garwa zai ce "ressort", wanda ya koya a Mubi ya ce sifirin.

Akan ji kalmar a ƙarƙashin tsohuwar Fijo 504 a-kori-kura, wadda sifirinta faya-fayan ƙarfe ne a jere. Bakanike kan ɗaga motar da jak, ya kwance notin tsakiya, ya ware su ɗaya bayan ɗaya. Sai ya wanke da kananzir, ya kankare tsatsa da burushin waya, ya duba tsaga, ya shafa giris, ya sauya robobin da suka cinye. Idan bayan mota ya zauna ko ba kaya, sai a ce sifirin ya saki.