Baki Dubu Biyu a Tsakiyar Rani

Duk wanda ya taɓa tashi daga Zango zuwa Damagaram ya san hanyar: a biyo ta Daura, a tsallake iyaka a Kongolam, a wuce Matamaye, a faɗa babbar kwalta a Takeita, sannan a yi gabas. Kafin a shiga birni akwai wani gari da ake kira Tirmini. Mun sha wuce shi a mota ba mu ko ɗaga kai daga waya ba. A nan ne, a ƙarshen watan Yulin 1899, dakarun Sarkin Damagaram Amadu Kuren Daga suka tari rundunar Faransa, aka karya su. A wancan zamani kuwa Zango a ƙarƙashin inuwar Damagaram take, can sarakunanmu suke kai gaisuwa. Ke nan labarin namu ne, ko da yake ba a koya mana shi a makaranta ba.

Rundunar ta taso ne daga bakin kogin Kwara a watan Janairun shekarar, ƙarƙashin kyaftin biyu, Paul Voulet da Julien Chanoine. Su ne suka ci Wagadugu a 1896, kuma tun can aka san su da ƙone gari. Umarnin da aka ba su shi ne su kai Tafkin Chadi, su haɗu da wasu runduna biyu, ɗaya daga Aljeriya, ɗaya daga Kwango. Turawan cikinsu ba su kai 10 ba. Sauran duk baƙar fata ne: sojoji 'yan ɗaruruwa, 'yan dako wajen 800, yawancinsu Mosi da aka kamo dole, sai mata, da garken shanu. Jimilla sun tasam ma mutum 2,000.

Mu tsaya a kan wannan adadi, don a nan ƙullin yake. Mutum 2,000 gari ne guda mai tafiya da ƙafa, kuma kullum sai ya ci ya sha. Faransa ba ta ba su guzurin da zai kai su ko'ina ba. Ga shi lokacin rani ne, ana shiga bazara, hatsin rumbu ya yi ƙasa, rijiyoyi sun ja baya. Ƙauyen da rijiyarsa ke shayar da gida 50 da kyar, in wannan ayari ya sauka a kansa, kafin la'asar sai laka. In mutane sun tsaya, a kwashe rumbunansu har da irin shuka. In sun gudu, a ce sun yi tawaye, a cinna wa garin wuta. Babu zaɓin da zai fisshe su.

Akwai kuma wani layi da aka ja a Paris. A watan Yunin 1898 Ingila da Faransa suka ƙulla yarjejeniya, aka ɗora tsinke a kan Sakkwato aka zagaya da'ira mai nisan mil 100. Abin da ke ciki na Ingila, na waje na Faransa. Waɗanda suka ja layin ba su taɓa jan guga a ƙasar ba. Da Voulet ya ga wajen da'irar ba ruwa, sai ya karkato kudu, ya faɗa cikin garuruwan da a takarda ba ma rabon ƙasarsa ba ne.

Amma kada mu bari lissafin ciki ya wanke su. Yunwa tana iya sa a fasa rumbu, ba ta sa a rataye yaro. Tun a Sansanin Hausa, kafin tafiya ta yi nisa, aka kashe mutum 101 da banati, har da mata da yara, don kada a ɓata harsashi. Ɗan dakon da atuni ya kayar, ko ya yi yunƙurin gudu, kisa ne hukuncinsa. Ɗan jagoran da aka zarga da ɓatar da hanya akan rataye shi da rai, a bar wa kuraye. Matan da aka kamo kuma a raba wa sojoji a matsayin lada, abin da ya ƙara wa ayarin baki, ya ƙara masa yunwa, ya jawo wa gari na gaba bala'i.

A Lugu, ranar 16 ga Afrilu, mutanen Sarauniya Mangu suka tsaya da kwari da baka, suka ja da baya cikin kurmi suka ci gaba da harbi. Wannan ne yankin labarin da aka fi sani, saboda littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986. Wanda ba a cika faɗa ba shi ne na Birnin Ƙonni. A watan Mayu aka harba wa ganuwarsa igwa, aka shiga, aka yi ta kisa, aka ƙone birnin, aka kora mata aka tafi da su.

Me ya sa Paris ta motsa? Wani laftanar mai suna Peteau, da Voulet ya kora daga rundunar, ya rubuta wa budurwarsa wasiƙa ya zayyana abin da ya gani, wasiƙar ta kai hannun hukuma. Sai aka tura Laftanar-Kanar Klobb da 'yan sojoji kaɗan ya bi sawunsu. Bai buƙaci jagora ba. Toka da gawarwaki ne suka nuna masa hanya, har Koran Kalgo, inda ya tarar da 'yan mata ƙanana a rataye a rassan itace. Ranar 14 ga Yuli ya cim musu a Dankori, a ƙasar Tasawa, Voulet ya sa aka harbe shi. Daga nan ya shaida wa abokansa cewa ya bar Faransa, zai kafa daular kansa. Sojojin da suka yi masa duk wancan aiki suka ga in sun bi shi ba su ba komawa gida. Suka harbe Chanoine ranar 16, Voulet kuma ranar 17. An binne su a Maijirgi.

Mu da muke aikin kwamfuta mun saba da cewa abin da ba a shigar ba, na'ura ba ta san da shi ba. Takardun Faransa sun riƙe ranar mutuwar Klobb da muƙaminsa da abin da ya rubuta a littafinsa. Mutanen Ƙonni kuwa sai dai a ce “dubbai”. Da aka rufe bincike a 1902, aka ɗora laifin a kan wata hauka da wai zafin ƙasarmu ke sa wa Bature. Mahaifin Chanoine janar ne, ya ma taɓa riƙe ministan yaƙi, kuma matattu biyu sun fi sauƙin ɗaukar laifi.

Ba mu ce kafin zuwansu ƙasar tana zaune lafiya ba. Damagaram da kanta ta sha kai hari ƙasar Kano ta kamo bayi, kuma a 1898 an kashe wani kyaftin Bafaranshe, Cazemajou, a birninta. Sai dai abin lura shi ne, mutuwar kyaftin biyun ba ta tsayar da komai ba. Hafsoshin da suka rage suka ja rundunar nan dai, da bindigogin nan dai, cikin mako biyu suka isa Tirmini, suka shiga Damagaram. Kuren Daga ya tsere, aka cim masa a watan Satumba aka kashe shi. Joalland da Meynier suka zarce Chadi, inda aka kashe Rabe a Kusuri a watan Afrilun 1900. Faransa ta la'anci mutum biyu, ta riƙe duk ƙasar da suka bi.

Sauran ya zo mana har gida. An sake zama a 1904 da 1906 aka gyara layin don Faransa ta sami hanya mai ruwa, Ƙonni da Maraɗi suka koma hannunta. Ƙasar Daura aka raba ta biyu, Magarya can, Zango da Baure nan. A 1906 Ingilishi suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka naɗa shi Sarkin Daura, bayan kusan shekara 100 da fitar gidansu daga birnin. In kuma mun kai Takeita muka yi yamma maimakon gabas, kwaltar za ta bi da mu ta Maijirgi, ta Tasawa, har Ƙonni.