John Macarthur da Asalin Arzikin Ulu a Ostireliya

Daga 1966 zuwa 1988, hoton John Macarthur ne ke kan takardar dala biyu ta Ostireliya, da ragon merino kusa da shi. Ana yi masa kirari da uban sana'ar ulu. Da aikin soja ya shigo ƙasar. Ya sauka Sydney a 1790 yana laftanar a rundunar New South Wales, lokacin da Ingila ke jibge fursunoninta a wurin, kuma a 1793 aka yanka masa eka 100 a Parramatta, gonar da ya raɗa wa sunan matarsa Elizabeth.

Tumakin da aka fara kaiwa yankin na nama ne, gashinsu kaushi gare shi. Merino, irin da ya samo asali a Sifaniya, shi ke da ulu mai laushin da masaƙun Ingila ke nema. A 1797 Kyaftin Henry Waterhouse ya zo da 'yan kaɗan daga Afirka ta Kudu. Macarthur na cikin waɗanda suka saya, haka ma limamin kirista Samuel Marsden. Ke nan ba shi kaɗai ya hango abin ba.

Inda ya zarce sauran shi ne iya shiga fada. A 1801 ya harbi shugabansa Kanar William Paterson a wani fito-na-fito, aka tura shi Landan don ya fuskanci shari'a. Sai gobarar Titi ta auku: yaƙe-yaƙen Napoleon sun sa Ingila fargabar rasa ulun Sifaniya, shi kuwa ga samfurin ulu a jakarsa. Shari'a ta bi ruwa. Ya dawo a 1805 da tumaki daga garken Sarki George na Uku, da takardar Lord Camden mai ba shi eka 5,000 a makiyayar da ta fi kowace kyau, wadda ya kira Camden Park.

Rigima ba ta ƙyale shi ba. A Janairun 1808 yana cikin jagororin da suka hamɓarar da Gwamna William Bligh, abin da ya sa ya tafi Ingila a 1809, bai dawo ba sai 1817. Idan aka haɗa lissafi, wajen shekara 12 cikin 16, daga 1801 zuwa 1817, ba ya ƙasar, kuma a daidai shekarun ne garken ya bunƙasa. Elizabeth ce ke kula da zaɓen raguna, da aski, da wanke ulu, da ɗaura shi a jirgi, tare da Hannibal, ɗan ɗan'uwan mijinta. Makiyayan fursunoni ne da gwamnati ta ba su. Ƙasar kuma ta mutanen Dharawal ce, waɗanda ba a saya a hannunsu ba, aka ma karkashe wasunsu a Appin, nan kusa, a 1816.

Wannan bai share rawar da Macarthur ya taka ba. Shi ya sa masu saye a Landan suka yarda da ulun Ostireliya, har aka ba shi lambobin zinariya a 1822. Amma merinon da ya cika ƙasar daga baya ya fi ɗauko jini daga tumakin Saxony na Jamus da irin da iyalin Peppin suka samar bayan 1860.

An tabbatar da taɓin hankalinsa a 1832, ya rasu a 1834. Elizabeth ta rayu har 1850. Macarthur ya cancanci a kira shi babban dillalin ulun Ostireliya, amma kiwon Elizabeth ce ta riƙe shi.