Daga Ina Ruwan Khal Ya Samo Sunan Maganin Ƙiba?

Wanda duk ya leƙa shagunan magungunan Musulunci a Gusau, ko Tsafe, ko Bunguɗu, zai tarar da kwalaben khal na tuffa, ana cewa yana narkar da tumbi. Alhali kuwa ba a noman tuffa a ƙasar Zamfara. Tsaminmu na gado tsamiya ce, ita ma don kunu, kuma iyayenmu ƙiba alamar wadata suka ɗauke ta.

Khal dai tsohon abu ne. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya yabe shi, amma a matsayin abin haɗawa da gurasa, ba a ambaci ramewa ba. Wannan zance daga Turawa ya fito. Wani likitan Amurka, D.C. Jarvis, shi ya cika duniya da shi cikin littafinsa na 1958, inda ya ce a sha khal da zuma.

Da aka gwada a Japan cikin 2009, a kan mutum 175 har mako 12, abin da suka rage bai wuce kilo 1 zuwa 2 ba. Da suka daina sha, ƙibar ta komo. Masu binciken kuwa ma'aikatan kamfanin khal ne! Wani binciken na Labanon, na 2024, wanda aka yi ta yayatawa, mujallar da ta buga shi ta janye shi cikin 2025.

Abin da likitoci suka tabbatar shi ne, shansa tsura yana cinye haƙori, yana kuma ƙona maƙogwaro. Mai ciwon suga da ya ajiye maganin asibiti saboda shi, ya yi sake.