Yaƙin wa ake yi? Gardamar da ta raba Ostiraliya gida biyu

Idan ka tambayi ɗan Ostiraliya yaushe ƙasarsa ta zama ƙasa, ba lalle ya ce maka 1901 ba, shekarar da yankuna shida da ke ƙarƙashin Birtaniya suka haɗe. Mai yiwuwa ya ambaci 25 ga Afrilu, 1915, ranar da sojojin Ostiraliya da New Zealand suka sauka a gaɓar Gallipoli, cikin Turkiyya ta yau. 'Yan Ostiraliya fiye da 8,000 suka mutu a can, aka janye ba nasara. Har gobe ana hutun ranar Anzac don tunawa da su.

To amma ka lura, yaƙin Daular Birtaniya suka je yi, kuma dukansu 'yan sa-kai ne. Da gawawwaki suka yi yawa a Faransa a 1916, masu shiga soja suka ragu. Sai Firaminista Billy Hughes, haifaffen Landan, ya nemi a tilasta wa samari zuwa fagen daga. A wurinsa, ɗan Ostiraliya Baturen Ingila ne da ke zaune nesa da gida. In daula ta faɗi, shi ma ya faɗi.

Ƙungiyoyin ƙwadago suka ce atafau ba su yarda ba, talaka ne zai mutu, mai kuɗi ya ci riba. Katolika da yawa masu asali daga Ireland, waɗanda suka ga yadda Birtaniya ta murƙushe boren Dublin a 1916, suka bi bayan babban limaminsu na Melbourne, Daniel Mannix. Shi Ostiraliya ya sa a gaba, daula ta biyo baya.

Sau biyu aka kaɗa ƙuri'a, a Oktoban 1916 da Disamban 1917, sau biyu jama'a suka ce a'a. Jam'iyyar Labor ta dare biyu, Hughes ya fice daga cikinta.

Akwai kuma waɗanda gardamar ta tsallake. Doka ta tare wa 'yan asalin ƙasar, Aborijin, hanyar shiga soja, duk da haka kimanin dubu ɗaya suka yi yaƙin. Da suka dawo, wariyar da suka bari ita suka tarar.

Kada ka ɗauka maganar ta mutu. Sai a 1949 doka ta san wani abu wai shi ɗan ƙasar Ostiraliya. A 1999 kuma, kusan kashi 55 cikin ɗari suka ƙi jamhuriya. Shi ya sa Sarkin Ingila ne shugaban ƙasar har yanzu.